Ranar da Jitata Ta Kira Jaki a Maradun

Kafin bikin ƙanena a Maradun, babu mai shayin da bai ji laccata ba a Talata Mafara. Na sayi jitar lantarki, na kalli bidiyoyi a waya, sai na zama malami.

Jitar abokina Sanusi tana da ɗan ƙarfen da ake dannawa ƙasa kawai, sauti ya lanƙwasa. Tawa kuwa mazaunin tsirkiyoyinta a kan sifirin yake lilo, ana danna ƙarfenta ƙasa, ana kuma jan sa sama. Na ce masa, "Taka ta tsofaffi ce, ka zo biki ka ga zamani."

Ranar bikin da la'asar filin ya cika, na fara kiɗa. Na rufe ido kamar yadda na ga ana yi, na ja ƙarfen sama iya ƙarfina. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, tas! Abin da ban tsaya na kalla a bidiyon ba shi ne, a irin tawa, ɗaya na tsinkewa sauran duk sai su karkace. Da yake ni gwani ne, ban tsaya ba. Lasifika ta saki wani irin kuka, wani jaki a bayan katanga ya amsa.

Kawu ya dafa sandarsa ya ce, "Ɗana, wanga kiɗin na mutane ne ko na bisashe?"

Da jitar Sanusi aka ƙarasa bikin. Har yau in jaki ya yi kuka a unguwarmu, sai Sanusi ya taɓo ni ya ce, "Maigida, ga ɗalibinka can yana bita."