Wa'azin Takalmi a Falon Rifkatu

Allah ya yi wa Kiristocin unguwar Safa ta Jidda gata da ya ba su Manzo Dakta Habila, Aradun Bahar Maliya. Kwana shida yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ranar Juma'a kuwa, da yake kowa na hutu, sai ya zura kwat ya koma Manzo. Wanda ya naɗa shi dai har yau ana cigiya. Takardar digirin kuma tana cikin akwati a Kafanchan.

A falon Rifkatu ake taruwa, wata ma'aikaciyar jinya mai ɗawainiyar 'ya'ya uku can gida. Roƙonta ɗaya ne, a yi a hankali. Garin ba coci, in maƙwabta suka kai ƙara, iƙamarta, wato takardar zama a ƙasar, ce za ta tafi. Manzo yakan ce amin, sannan ya buɗe maƙogwaro.

Wa'azi kam sai wanda ya ji. Zai buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ɗora wayarsa a kan shafin, ya ɗaga ƙafa.

"'Yan'uwa, ku dubi takalmin nan. Fatar Italiya! Da silifa na sauka Jidda. Yau shekara guda ina taka shi, ko ƙwarzane babu. Wanda ya gaskata, nasa na hanya!"

Wani mako agogo, wani mako turare, sai a dawo kan takalmi. Ni dai tausayin Rifkatu nake ji, baki na amin, ido na kan ƙofa.

Ran nan ana tsakiyar fatar Italiya, aka ƙwanƙwasa. Aradu ya ɗauke wuta. Kafin ka ce me, yana bayan labule, hancin takalmi kaɗai ke leƙowa. Rifkatu ta buɗe. Hajiya Tahani ce, maƙwabciyarta, haifaffiyar Jidda wadda Hausar kakanninta ba ta kuɓuce mata ba.

"Ma'alesh, ya binti," in ji Hajiya. "Wata uku ina jin ku ta bango, kulli Juma'a. Wallahi ba kalmar da ta wuce ni."

Rifkatu ta dafa ƙofa, ta fara hango filin jirgi.

"Mai tallan takalmin nan, yana da lamba arba'in da uku? Maigidana Abu Nawaf nake son saya wa."

"Abin da kika ji ke nan, Hajiya?"

"Aiwa. Akwai wani abu ne kuma?"

Rifkatu ta bi wa'azin wata ukun nan ɗaya bayan ɗaya a ranta. Ta ce babu, kuma ba ta yi ƙarya ba.