Dogo Ya Rasu, Tuta Tana Sama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Umeno Sasabuchi ta ƙauyen Shirakoppe take sanar da 'yan'uwa na gida da na birni rasuwar Dogo, tudun katakon nan na bayan makaranta da ake sulalowa daga kansa a yi tsalle kan dusar ƙanƙara. Ya rasu yana da shekara sittin da shida, in ba ta manta ba.

Masu saran itace ne suka haife shi, har da mahaifin Umeno. Babu injin ɗaga kaya a lokacin. Dawakai suka jawo gungume, maza suka ɗaga da igiya. Matakala ɗari biyu da sha huɗu gare shi, ta saba'in ɗin gajeriya ce don katako ya ƙare musu ran nan, kuma duk ɗan garin ƙafarsa ta san wurin. Ya ɗan karkata hagu. Baƙi na cewa kuskure ne. Ba kuskure ba ne, kafaɗa aka juya masa ga iskar teku.

Marigayin ba mai surutu ba ne. In sanyi ya tsananta yakan ce ƙiii, ƙiii. In mai tsalle ya sulalo a guje kan allunan zamiya da ke ɗaure a ƙafafunsa, Dogo ya ce shuuu, sai shiru, shirun da uwaye ke riƙe numfashi, sai fam! a ƙasa. Ya karya ƙafafu, ba a musu, amma bai taɓa cin ran kowa ba.

Shekara arba'in da ɗaya Umeno tana tsaye a gefensa da jar tuta. Aikinta duba iska. Tuta na sama, mai tsalle ya jira. Ta sauke, ya taho.

Ciwon ya fara ne da yara suka ƙaura birni. Sai aka ɗaura masa keken injin da ke kai mutane sama, aka buɗe shagon shayi a kansa, motoci na sauke baƙi su ɗauki hoto su sayi alewa mai siffarsa. Matar da ke kula da wurin ta ce, "Iya, ai yanzu ma ya samu lafiya." Umeno ta ce, "'Yar nan, gawa ma in an shafa mata hoda kyau take yi."

Dogo ya cika bara, kuma Umeno ba za ta ɓoye ba, a hannunta ya cika. Ranar gasar ƙarshe, Tokuji Narita ne ya rage a sama, mai shekara sittin da ɗaya. Iska ta juya. Ta riƙe tuta a sama har kafaɗarta ta mutu. Ya ƙwala mata kira, "Yaya Umeno, hannun ya ƙage ne? Sauke mana, gemuna ya daskare!" Ta ce, "Gobe, sarkin gaggawa!" Ya sauko ta matakala da allunan zamiyarsa a kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Washegari suka tarar an garƙame ƙofar masu tsalle da kwaɗo, an hana tsalle. Tun ranar tutar na jingine a ɗakinta, ba ta naɗe ta ba.

Marigayin ya bar Tokuji da gwiwa ɗaya mai kyau, da tsofaffin masu tsalle sha tara a warwatse, da hankakin da ke zama a rufinsa, da Umeno.

Ran Litinin za a gina bangon gilashi a bakin Dogo, daidai inda ake tashi sama, don kada baƙo ya faɗa. Daga nan shi ke nan. Umeno ta yi sintiri a ofishin gari har aka ba ta safiyar Lahadi, tsalle ɗaya tak. Tokuji ya yarda zai yi tsallen. Amma ba a sauka kan dusar da ba a taka ba. Sai mutum arba'in sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sun tattake gangaren daga ƙasa har sama, kamar yadda aka saba. Tana da mutum sha ɗaya. Huɗu da sanda suke tafiya.

Don haka jana'iza ran Lahadi ce. Malamin ɗakin ibada zai yi masa karatu da turare ƙarfe goma, kamar yadda a al'adar ƙauyen ake yi wa allura da 'yar tsana in sun gama aiki. Akwai miyar kifi da kunun shinkafa mai zafi. Kada a kawo furanni, kada a aiko takardar ta'aziyya. Ƙafafu ake nema, ashirin da tara sau biyu, cikin takalmi mai nauyi. Duk wanda ya taɓa tashi daga bakin Dogo, ko ya taɓa tsayawa a ƙasa yana addu'a ɗansa ya sauka lafiya, ta roƙe shi ya zo. Umeno za ta fara takawa da hudowar rana, ko da ita kaɗai ce, da tutar a hannu.