Na Wuni Ina Yi wa Saba Fifita

Ku yi mini afuwa idan rubutun yau ya zo muku a karkace. Kafaɗata ta dama ta ƙi ɗaguwa tun jiya, sai da aka murza mini man zafi kafin na iya riƙe biro. Ba faɗuwa na yi ba, ba kuma dambe na yi da kowa ba. Fifita na wuni ina yi da kwalin sabulu, kuma ba mara lafiya na yi wa ba, kwamfuta na yi wa. Ni da furfurata.

Ga yadda aka yi. Maman yara tela ce, duk layinmu an san ƙarar kekenta. Ta daɗe tana burin a ɗauke ta malamar ɗinki a makarantar koyon sana'a, to bana aka buɗe guraben, aka ce sai an zauna gwaji a kan kwamfuta. Akwai kuma iyakar shekaru, ita kuwa a wata mai kamawa za ta tsallake ta. Wato wannan zaman shi ne na farko kuma na ƙarshe a wurinta. Wata da watanni tana karatu, ta ari kwamfutar 'yar yayata tana koyon danne-danne har yatsunta suka saba. Abincin da ya ƙone a gidanmu a wannan tsakani, na ci ban ce uffan ba, don na ga yadda idonta yake haske idan ta ce, "Baban yara, ka ga ni a gaban aji?"

Jiya da sassafe na ɗauke ta a babur zuwa cibiyar gwajin. Gini ne sabo fil, gilashi ta ko'ina, ga wani ƙaton allo a bakin ƙofa yana sanar da mu cewa mun shigo zamani. Aka shigar da masu gwaji, mu 'yan rakiya aka bar mu a rana. Ta taga ina hango kwamfutoci jere reras, kowace fuskarta baƙa ƙirin, sai wani ɗan rubutu fari da ɗige-ɗige suna tafiya. Lokacin farawa ya yi ya wuce, hantsi ya dubi ludayi, ɗige-ɗigen nan suna nan suna tafiya ba su isa ko'ina ba.

Can sai ga mai gadi ya fito yana ƙare mana kallo. Ya ce, "Maza masu ƙarfi su zo su taimaka wa hukuma." Na ɗauka janareto za mu tura. Aka bi da mu ta cikin zauren zuwa wani ɗan ɗaki a baya, ƙofarsa a buɗe tana kallon masu gwaji. A ciki akwai wani akwatin ƙarfe mai tsayin firji, yana huci, da wani bawan Allah mai tabarau zaune a gabansa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Shi ne Injiniya. Aka miƙa wa kowa kwali aka ce ya fara.

Ni dai ba na aiki a duhu. Ina fifita ina tambaya. "Injiniya, wai me muke sanyayawa?"

Ya ce, "Baba, wannan ita ce saba, uwar duk kwamfutocin da ka gani a waje. Su can ba komai a cikinsu, fanko ne. Idan aka kunna su, sai su yi kira ta kebul, ita kuma ta aiko musu da manhajar da za su tashi da ita. Wannan ɗige-ɗigen da kake gani, kira suke yi ba a amsa ba."

"To me ya hana ta amsawa? Gaba take da su?"

"Ba ta da abin da za ta aika. Sai na gama haɗa manhajar tukuna. Mu kompailin muke ce masa. Kamar a ba tela yankakkun ƙyalle ne ya ɗinke su su zama riga, kafin a gama ɗinkin ba mai iya sawa."

Wannan na gane, mijin tela ne ni. Abin da ban gane ba shi ne wane tela ne yake fara ɗinki ranar da za a sa kaya. Na tambaye shi, ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Ashe akwai manhajar da ke aiki lafiya lau har shekaran jiya. Laifinta ɗaya, idan kwamfuta ta tashi ba ta nuna hoton kowa. To an yi wa cibiyar sabon shugaba, bari mu kira shi Mai Girma Mai Hoto, Allah ya ƙara masa kyau. Shi ne ya ga bai dace talaka ya zauna gwaji bai fara yin tozali da fuskar wanda ya yi masa wannan gata ba. Aka ba da umarni a sa hoton a cikin manhajar, a kuma goge tsohuwar ƙaf, kada wata kwamfuta mara ladabi ta tashi babu hoto.

Ku duba irin hangen nesan nan, jama'a. Mu muna can muna tunanin banza, wai a yi gwaji a tashi, su kuwa manya suna tunanin tarbiyyar kwamfuta.

Muna cikin haka sai ga wani ya faɗo ɗakin, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Shi ne mai riƙe wa Mai Hoto jaka, wayoyi a hannu kamar mai sayarwa. Injiniya ya miƙe tsaye ya ce, "Ranka ya daɗe, hoton ya yi nauyi da yawa, shi ya sa haɗin yake daɗewa. Da za a bari in rage shi, in bar fuskar kawai, da..."

Mai Jaka ya dafe ƙirji. "Ka yanke wa Mai Girma ƙafafu? Kai, kana son aikinka kuwa? Har takalmin sai ya fito!"

Injiniya ya koma ya zauna. A fuskar kwamfutarsa rubutu yana ta gudu sama, ga wani layi yana cika a hankali. Muka ƙara ƙaimi. Layin ya wuce rabi, ya doshi ƙarshe, akwatin ya ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi, sai kawai ɗif. Komai ya mutu. Injiniya ya dafe kai, ya jira ta huce, ya sake farawa daga farko.

Na ce, "Wuta ce?"

Ya ce, "Zafi ne. Haɗin yana sa ta aiki da ƙarfi, ta yi zafi, ta kashe kanta don kada ta ƙone."

"Ba ta da fanka?"

Da haɓa ya nuna mini bayan akwatin. Na leƙa. Wani allon tagulla ne mai sheƙi, an ɗaure shi da noti daidai kan ramukan da iska ke fita, ba a bar ko kafar allura ba. A jikinsa an rubuta cewa Mai Girma wane ne ya ƙaddamar da wannan na'ura don amfanin al'umma. Wannan kuma wani babban ne daban, ya fi Mai Hoto tsawon mota, mu kira shi Mai Girma Mai Almakashi, tunda ba mu taɓa ganinsa ba sai yana yanka kirtani. Wai ranar bikin buɗewa an rasa inda za a maƙala allon ya fito a hoto, sai aka ga nan ne wuri mafi faɗi.

Na ce, "To a cire mana!"

Masu fifita duk suka tsaya. Mai gadi ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Injiniya ya ce a hankali, "Baba, kowa a ginin nan ya san allon ne. Har mai shara ya sani. Na faɗa tun ranar farko, aka ce za a kafa kwamiti. Amma wa zai sa hannu ya cire sunan Mai Girma? Ina da iyali."

Ban ga laifinsa ba, ni ma da na ji haka sai na ci gaba da fifitata kamar mutumin kirki. Injiniya ya yi duk abin da ya sani. Ya zare kebul ya mayar, ya kashe wasu ayyukan don a rage wa saba nauyi, ya buɗe taga, ya sa aka kawo fankar ofishin Mai Jaka, shi kuwa ya biyo ta ya ƙwace abarsa. Layin ya cika ya kusa ƙarshe, ɗif. Aka sake, ɗif. A zaure kuwa mutane sun yi jugum, wata mai ciki ta kifa kai a kan tebur, maman yara ta ƙura mana ido ta ƙofa, tana jin duk abin da ake faɗa.

Da rana ta take, Mai Jaka ya fito tsakiyar zaure ya gyara murya. Ya ce saboda wasu dalilai na fasaha da suka fi ƙarfin hukuma, idan wannan karon bai yi ba za a ɗage gwajin sai wani lokaci da za a sanar. Ku da ni mun san wannan lokacin. Jikokinmu ne za su ji sanarwar.

Sai na ga maman yara ta miƙe. Ta buɗe jakarta, ta zaro ɗan sukudireban nan mai jan hannu da take canza allurar keke da shi, wanda ko gidan suna za ta ba ta barinsa. Ta shigo ɗakin ta ce, "Baban yara, matsa." Na matsa. Ta durƙusa a bayan akwatin ta kwance notin ɗaya bayan ɗaya, ta ciro allon, ta goge shi da gefen mayafinta, ta jingine shi a bango da ladabi, sunan yana kallon sama. Wata iska mai zafi ta feso kamar an buɗe tanda.

Ba wanda ya hana ta, ku lura da wannan. Duk suka zuba ido, har Mai Jaka. Kukan akwatin ya sauka, layin ya tafi sumul ya cika. Injiniya ya danna wani abu. A zaure kwamfutocin suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace da Mai Girma Mai Hoto a tsaye, daga hula har takalmi. Mutane suka ɗau tafi, mai cikin nan har da hawaye.

Maman yara ta koma kujerarta ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan kwamfutar. A nan ne Mai Jaka ya tuna da aikinsa. Ya zo ya tsaya a kanta ya ce, "Baiwar Allah, kawo katin shigarki. Kin taɓa kayan hukuma ba izini, kin kuma wulaƙanta sunan Mai Girma. Kawo wannan ƙarfen ma, shaida ne."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da ban taɓa ba, da wa zai yi gwajin?"

Ya ce, "Wannan ba hurumina ba ne."

Na yi magana, na yi rantsuwa, na roƙa, har hulata na cire. Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sauran masu gwajin kuwa agogo ya fara ƙirga musu lokaci, kowa ya duƙufa, ban kuma ga laifinsu ba. Haka muka fito, ita a gaba ni a baya, kwalin sabulu har yanzu a hannuna. A kan babur na ji ta damƙe rigata ta baya da ƙarfi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai sauka ba.

Da yamma maƙwabcina mai aski ya leƙo da rediyonsa a kunne. "Maigida, ka ji? An ce gwaji ya tafi lami lafiya, ba a samu ko tangarɗa ɗaya ba. Mai Hoto ya ce sakamakon jajircewarsa ne."

Na ce, "Ai da idona na ga jajircewar. Da kafaɗata ma na ji ta."

Ya ce, "Kai dai ka gode wa Allah ba a kulle ta ba. Manya sun yi adalci."

Gaskiyarsa. Ina miƙa godiya ga masu girma bisa wannan sassauci. Ina kuma ba da shawara a ƙara wa Mai Almakashi wani allon, a manna shi a bakin bututun hayaƙin motarsa, tunda wuri ne da jama'a ke gani sosai idan ya wuce mu a hanya.

Yau da safe allurar keken maman yara ta karye, ga ɗinkin mutane a jibge. Ta zauna tana kallon keken, ba ta da abin kwance ta. Ta ce, "Baban yara, ko za su ba ka sukudireban?" Na hau babur na koma cibiyar. Mai gadi ya ce shaida ba ta fita sai kwamiti ya zauna. Ina juyowa na hango ɗan ɗakin nan a buɗe. Injiniya ne a durƙushe, Mai Jaka a tsaye a kansa, ana mayar da allon tagulla daidai inda yake, ana ɗaure shi tamau da sukudireba mai jan hannu. Ashe duk faɗin wannan cibiya ta zamani ba su da ko ɗaya, sai na matata.

An ce gobe akwai wani rukunin masu gwaji, kuma Mai Hoto ya canza hula, za a sake haɗa manhajar da sabon hoto. Duk wanda zai raka nasa, ya tafi da kwalinsa daga gida. Na sabulu ya fi ƙwari, amma a riƙa canza hannu.