Damo Mai Shuɗiyar Wutsiya

Mutanen Maradun sun ce ba mai iya bin sawun damo guda wata huɗu a daji. Wani ɗalibin jami'a da ya sauka gidana, zamanin da ake gina dam ɗin Bakolori, ya yi hakan. Yakan kama damon, ya ɗebi jininsa, ya sake shi, yana neman abin da ke hana rauninsa ruɓewa. Digirinsa duka yana kan wannan dabba. Ya sha yi mini bayani, ina gyaɗa kai irin na hedimasta, ba na saurare.

Don in karrama baƙona, na sayi damo wurin maharbi a kasuwar Mafara. Maharbin ya ce, "Malam, wanga shuɗi na wutsiya fa?"

Na ce, "Alamar ƙiba ce. Mun karanta."

Sai da ɗalibin ya shanye farfesun na nuna masa fatar cikin alfahari. Ya daɗe yana kallon fentin da ya shafa wa damonsa da hannunsa don shaida, sannan ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Shekara guda ya maimaita a jami'a.

Har yau jikokina Mun-Karanta suke kirana. A rubuta: ranar da na sayi damon nan Talata ce, jajibirin Babbar Salla.