Yadda Za Ka Yi Jinya da Katin Inshorar Ƙanenka

Kai da ka ce rajistar inshorar lafiya kiran ciwo ce, ga shi ciwon ya zo ba tare da ka kira shi ba, matso kusa. Wannan dabara wurin Lado mai hatsi na Dabawa na koye ta. Ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawarin za ka ga likita, har gado za a ba ka.

1. Nemi ƙane mai kunya

Na Lado shi ne Malam Zubair, malamin firamare a Kurfi, uwa ɗaya uba ɗaya, har goshinsu iri ɗaya. Kada ka roƙe shi, babba ba ya roƙo. Da Zubair ya ce, "Yaya, katin nan ni da iyalina kaɗai ya ɗauka, ba a ara wa kowa," sai Lado ya kau da kai ya ce, "To, boko ya raba mu ke nan. Ni da na goye ka." Riƙe wannan magana da kyau. Kafin ka kai ƙofa kati yana aljihunka.

2. Haddace sabon sunanka

Hoto ba matsala ba ne. Ja hula ta rufe furfura, in an ƙura maka ido ka ce ciwo ne ya tsufar da kai. Suna shi ne aiki. Sau uku nas tana kiran "Zubair Ummaru", Lado na kan benci yana yi wa na kusa da shi bayanin kasuwar masara, sai da matarsa Larai ta ce, "Malam, da kai fa ake."

3. Kada ka yi wa fayil gardama

Abin da aka rubuta a ciki shi ne kai. In ya ce shekarunka talatin da huɗu, yi godiya. Likita ya ce, "Malam Zubair, ya makaranta?" Lado, wanda rabonsa da aji tun yana ɗan yaro, ya ce, "Yara suna ta ƙoƙari."

Likita ya duba ƙafar Lado da ta yi ruwa, ya buɗe fayil ya ce, "Na ga bara mun yi maka allurar fenisilin, ta karɓe ka. Ko akwai maganin da jikinka ba ya so?"

Lado ya san allurar. Ita ce ta kusa kai shi lahira a Dutsin-Ma shekarun baya, har aka rubuta masa gargaɗi da jan biro a katinsa na asibiti, wanda ya baro gida cikin akwati. Ya ce, "Babu, likita." Haka ake so. Dattijo ba ya magana biyu.

4. Kumbura cikin natsuwa

Ba a yi minti goma ba leɓe ya tashi, ido ya rufe, numfashi ya koma fito. A nan Larai ta ɓata shiri. Ta ƙwalla ihu, "Wayyo Lado! Sista, wallahi ba Zubair ba ne, wansa ne! Allurar nan ba ta karɓarsa!" Aka zo a guje, aka ceto shi da ƙyar. Darasi: kada ka je da matar da ta fi son ranka a kan sirrinka.

5. Bar wa ƙanenka sauran

Asibitin ya riƙe katin har a gama bincike. Khadijat matar Zubair tana cikin watan haihuwa, ta je awo aka ce an dakatar da sunansu. Zubair ya zo dubiya, ya tsaya a bakin gado, ya ce, "Yaya, sannu da jiki."

Kada ka sunkuyar da kai. Yi yadda Lado ya yi, da bakinsa da bai gama sacewa ba: "Ai laifinka ne. Don mi ba ka gaya mani an taɓa yi maka allurar ba?"

Gargaɗi

Ni dai ban san ka ba, ban kuma aike ka ba. In ka kumbura, fatarka ce. In kuwa abin ya zo da ƙarar kwana, takardar mutuwa da sunan ƙanenka za ta fito, sai dangi su zauna su daidaita wanda za a yi wa sallah a cikinku.