Wutar da Na Ba Motar Sufeto a Kasuwar Bakori

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya a garejin Bulus a Funtua, wani ɗan ƙarfe da bai fi kwabo girma ba yana ƙaryata ni a gaban mutumin da tafiyata Ingila ke hannunsa.

Shekara uku ke nan da samun mulkin kai, ina koyar da lissafi da kimiyya a wata firamare a Malumfashi. Ina da kwat ɗaya, alƙalami uku a aljihu (biyu ba sa rubutu), da tabbacin cewa duk abin da aka taɓa rubutawa a littafi bai fi ƙarfina ba. A shekarar aka ce za a tura malami ɗaya daga yankinmu kwas na shekara guda a Ingila, kuma Sufeton makarantu, Malam Sa'idu, shi zai zaɓa. Mu biyu muka rage a takarda. Ni har na fara gwada cin tuwo da cokali mai yatsu, ƙofa a rufe.

Malam Sa'idu ya dawo daga Ingila da wata 'yar mota ja, irin ta tsere, kujera biyu, ba rufi. Tsabar yadda ta yi ƙasa, in ka zauna cikinta kamar kana kan tabarma. Da ya zo duba makarantarmu sai zazzaɓi ya kayar da shi, aka ce motar asibiti ta mayar da shi Funtua. Ya tambaya ko akwai wanda zai kai masa tasa motar washegari. Kafin hedimasta ya buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni direba ne."

Ba ƙarya na yi ba, gaskiyar ce ban cika ba. Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyata, direban babbar motar ɗaukar auduga, shi ya koya mini tuƙi lokacin hutu. Dokarsa ta farko kuwa ita ce, ba a kashe mota a shiru. In ka iso tasha sai ka sa ta a firi, ka taka totur har ƙasa sau uku, sannan ka murɗa makulli. Wai don fetur ya kwana a bakin inji, ta tashi ba gardama. (Ainihin dalilin, don kowa ya san ka iso.) Duk direbobin auduga haka suke yi. Ita babbar mota ko da ƙafa biyu ka hau totur ɗinta, nishi kawai za ta yi kamar tsohuwar saniya.

Da yake miƙo mini makulli, Malam Sa'idu ya ce, "Malam, ka ga agogon nan na tsakiya? Kada allurarsa ta shiga ja." Na ce na gane. Na ma ƙara masa da bayanin yadda inji ke shaƙar iska ya fitar, shi yana rawar sanyi yana gyaɗa kai.

Daga Malumfashi har Bakori na yi tuƙi kamar mai dakon ƙwai. Abin da ya kashe ni, ranar kasuwa ce. Na tsaya wai zan sayi goro (ba na cin goro). Nan da nan aka yanyame motar, masu masara, masu dawa, 'yan koli, har mai aski da rabin kan mutum a hannunsa. Sai ƙafata ta tuna karatun Kawu. Na sa firi, na take har ƙasa. Motar ta saki wata ƙara kamar ana yaga ƙyalle mai tsawon mil guda. Jama'a suka ɗau sowa. Na sake takawa dominsu. Na ukun domin kaina na yi, har na ɗan riƙe shi. Ina gani allurar ta wuce jan, ta je ta jingina a ƙarshen agogo kamar ɗalibin da aka kora bayan aji.

Da na tayar zan tafi sai na ji wani siririn tak-tak-tak daga cikin inji. Shi ya raka ni har Funtua. Ni kuwa duk hanya ina tsara ƙaryata ina yi mata kwalliya.

Na iske Malam Sa'idu ya ji sauƙi. Na ce tun daga Malumfashi take wannan ƙara, kuma a ganina (a ganina fa!) wanda ya yi mata gyaran ƙarshe bai daidaita bawul ba, wato 'yan ƙofofin da inji ke shaƙar iska ya fitar ta cikinsu. Ya ce, "Bulus ne, makon jiya. Gobe da safe mu je tare, don jibi da ita zan kai takardun kwas Kaduna."

Bulus! Tare muka yi elementare. Ɗan gidan Kiristocin ƙauyenmu ne, ya bar makaranta a aji huɗu ya bi bakaniken mishan. Ni na laƙaba masa Sifili saboda makinsa a lissafi. Duk kanikawan Funtua, shi na ɗora wa laifi ban sani ba.

Da Sufeto ya faɗa masa zargin, sai Bulus ya tayar da motar. Ya saurari injin, ya kashe, ya kwance murfin samansa. Ga sifirin takwas a jere, ƙarafa nannaɗaɗɗu masu rufe bawul, kowanne da ɗan faifan ƙarfe a kansa mai rami a tsakiya, kamar kwabo mai huda. Ya gaya wa Sufeto faifan nan shi ke riƙe bawul a jikin sifirin. In ya fashe, bawul ya faɗa cikin inji, fistin da ke hawa da sauka a ciki ya haɗu da shi, to sai a ba kaji motar su yi ƙwai.

Sai ya juyo. "Malam, ara mini rularka."

Na zaro 'yar rular aljihuna. Ya bi faya-fayan ɗaya bayan ɗaya yana ɗora ta, yana duban yadda kan bawul ya zauna. Biyar daidai suke. A uku kan ya nutse. Ya danne sifirin ya ciro faifai ɗaya daga cikin ukun, ya wanke da fetur, ya juya cikinsa ga rana. Ga tsaga nan siririya kamar gashi, daga ramin har baki.

"Ranka ya daɗe, da hannuna ne, gibin bawul zai yi yawa ko ya yi kaɗan, amma ƙarfe ba zai tsage ba. Wannan aikin ƙafa ne. An ba ta wutar da ta fi ƙarfin sifirin. Da ka kama hanyar Kaduna haka, ko Zariya ba za ka kai ba."

A nan mai hankali zai yi shiru. Ni sai na gyara murya. Na ce a kimiyyance ƙarfe yana gajiya da kansa, balle a ƙasa mai zafi irin tamu. Na ciro alli na fara zane a jikin wata ganga. Ina tsaka da zanen wata babbar mota ta shigo garejin, ta yi gurnani sau uku ta mutu. Kawu Tanimu ya diro.

"A'a! Ɗana na kaina! Kai, ka fid da ni kunya jiya a Bakori! Ina can wajen sikeli na ji, na ce wannan takun gidanmu ne. Uku cif, na ukun har da riƙewa! Jakin mai gishiri sai a bakin rafi aka kamo shi." Ya juya wajen Sufeto ya dafa ƙirji. "Alhaji, ni na koya masa."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Bulus ya goge rular da tsumma ya miƙo mini da hannu biyu. "Na gode, Malam. Lissafi ya fita."

Malam Sa'idu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Faifai uku ne, za a samo su a Kano. Da ka ce mini ka yi kuskure, da yanzu dariya muke yi. Amma ka so in hau hanya da ita a haka, ka kuma so ka kashe wa bawan Allah sana'arsa." Ya miƙo hannu, na sa masa makulli.

Ɗayan malamin aka tura. Ya aiko mini da kati mai hoton wata gada, ya ce sanyi ya dame shi. Na yi shekaru ina jin haushin Kawu da bakinsa, da Bulus da ladabinsa, har da Turawan da suka ƙera motar da ba ta jure wasa. Sai da gashina ya fara fari na yarda cewa duk garejin nan kowa abin da ya sani ya faɗa, ban da ni.

Darasin? Ba wai ƙarya ba ta da kyau ba, wannan kowace Litinin ina koyar da shi. Abin da na koya shi ne, in ka tara kasuwa guda ta kalle ka, kada washegari ka ce ba kai ba ne. Ingila kuwa, har na yi ritaya ina nuna wa yara ita a taswira, da sanda.