Murhuna Ya Rasu, Masarata Ta Bi Shi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, ni Ly Thi Sua nake sanar da dangi da maƙwabta na nan kan dutse rasuwar murhun gidanmu. Ya rasu a farkon sanyin bana yana da shekara arba'in da uku, ba tare da ya yi ciwon komai ba. Guduma ce ta kashe shi, a hannun ɗana na cikina, Mi Po.

Shi marigayin murhun, mijina ne ya gina shi da yumɓu shekarar da aka kawo ni gidan nan. Ba shi da yawan magana. In an ba shi busasshen itace sai ya ce ƙas-ƙas, in ɗanye ne ya yi tsaki ya turnuƙe ɗaki, kuma da gaskiyarsa. A kansa na turara dambun masarar da ya raini 'ya'ya shida, har da wanda ya kashe shi. Ranar da raɓa ta daskare a kan ganye, a gindinsa kowa ke gasa ƙafa, da mu da baƙo.

Ajalinsa ya hau dutsen nan ne a bayan babur, ranar da Mi Po ya dawo daga aikin kamfani ɗauke da tukunyar gas da wani akwatin ƙarfe.

Ya ce, "Inna, wannan ba hayaƙi, ba toka, murɗawa kawai za ki yi. Tarin nan naki ma zai tafi."

Na ce, "Tarina ko naka? Wa ya kai maka ƙara?"

Ya yi dariya. Ran Lahadi na sauka kasuwa, na dawo na tarar da tarin ƙasa inda murhuna yake. Tarin da nake yi ya ragu, ba zan yi ƙarya ba. Ban gode ba.

Abin da mai ilimin kamfani ya manta shi ne, hayaƙin nan ba yawo yake yi ba, aiki yake. Shi ke hawa rufi ya ratsa irin masarar da ke rataye, ya hana ƙwari taɓawa. Jan iri ne da uwata ta ƙulla mini a bakin zane, wanda ke fitowa a tsagar dutse inda na kanti ke ƙonewa. Wata huɗu ba hayaƙi. Shekaranjiya na hau tsani don in sauko da shi, na kama damin farko, ya zube mini gari a fuska. Na bi su ɗaya-ɗaya har ƙarshe, ko ƙwaya ɗaya ƙwari ba su bar mini ba. Na zauna a kan tsanin na yi kukan da ban yi wa mijina ba ranar da ya rasu. Shuka saura kwana goma sha biyu.

Marigayin ya bar babban kasko wanda ba ya hawa kan gas, da muciya, da kyanwar da har yau ke kwanciya a gurbinsa tana hararar mutane, da ni. Magajinsa kuwa yana nan a lungu yana huci, ya ƙona maka ƙauri ya bar bayanka da sanyi.

Za a binne ragowar marigayin ranar Asabar da hantsi a bayan gida. Mi Po ne zai haƙa ramin, kuma na zaɓa masa inda dutse ya fi tauri. Kada wanda ya kama masa.

Masu zuwa gaisuwa kada su kawo kaza ko turare. Iri nake nema. Na san duk wanda ya taɓa roƙona na hana shi, ba sai an tuna mini ba. Gona ɗaya ce tak a dutsen nan take da shi, gonar maƙwabciyata Vang Thi Dua, wadda ta karye mini masara biyar shekara goma sha bakwai da suka wuce, ni kuma nake kiranta ɓarauniya a kowace kasuwa tun daga ranar.

Yaya Dua, kujerar gaba taki ce. Ki taho da iri tafi ɗaya. A gaban kowa zan ce masarar nan biyar kyauta na ba ki.